Yadda ake ɗaga silab ɗin kankaren da ya lotsa a gida ba sai an fasa shi ba

Jama'a duk mai gida a Zariya ya san abin da damina ke barin mana. Ruwan Agusta zai gama dukan gari, zuwa Oktoba sama ta ɗauke, sai kaga silab ɗin ƙofar gida ya lotsa ta gefe ɗaya, ko kankaren da ya zagaye jikin bango ya jirkice yana tura ruwa gindin gini, ko wajen wanke-wanke ruwa ya kama kwanciya. Ka kira birkila, ko tsugunawa bai yi ba zai ce maka "Alhaji wannan sai dai a fasa a sake zubawa." Wani lokacin gaskiyarshi ne, amma sau da yawa kankaren lafiyarshi lau, ƙasar da yake zaune a kai ce ta gudu ta barshi, toh in ka fasa ka zuba sabo a kan wannan ƙasar dai, damina biyu uku zaka sake ganin abinka.

Amma fa kar wani ya ruɗe ka da cewa siminti mai yawa zaka rage. Silab mai ƙafa 5 da ƙafa 4, kaurin inci 4, in sabo za'a zuba buhu ɗaya da 'yan kai zai ci, ɗagawa da cikon ma kusan buhu ɗaya ne. Ribar tana wajen tsakuwa da rodi da kuɗin masu fasawa da na kwashe ɓaraguzai, ga tayil in akwai a kai, sannan babban abin shine zaka cike ramin da ya jawo matsalar tun farko.

Ka fara da neman mai laifi

Kusan kullum ruwa ne. Ka tsaya a kan silab ɗin ka ɗaga kai sama, in bakin kwano ko indararo na zubowa daidai wajen toh ka gama bincike. In ba haka ba ka bi fayif ɗin famfo ko na tanki da ya bi ta ƙasa, ka rufe duk famfunan gida ka ga ko wajen na zama da danshi har da rani. Ka duba kwata ko ta tsage ta ƙasa tana tsiyaya. Wajen da ya fi lotsawa shine jikin bango, dan nan ne aka haƙa ramin fandisho aka mayar da ƙasa da shebur kawai ba wanda ya daɓe ta, ruwa na shiga sai ta zauna. A cikin birni da Tudun Wada kuma akwai gidajen da aka yi a kan tsohon kududdufi da aka cike da shara da ɓaraguzai, wannan cikon yana ruɓewa a hankali yana raguwa. Masu gida ta gefen rafin Kubanni da sauran fadamu nasu laka ce, ta kumbura da damina ta tsuke da rani. Sai gara da gafiya, su ma suna yashe ƙasa su bar kogo.

Abu ɗaya da ke yaudarar mutane: in akwai darbejiya ko mangwaro kusa, ka lura sosai, wataƙila ba wannan gefen ne ya sauka ba, saiwa ce ta ɗaga ɗaya gefen. Wannan ba aikin jak bane, saiwar za'a yi maganin ta.

Duk abin da ka gano ka gyara shi kafin ka taɓa kankaren. Fayif mai yoyo a canza, kwata a liƙe, gidan gara a tone a sa magani.

Wanda ake ɗagawa da wanda ba'a taɓawa

Ka tona kaɗan a gefe ka auna kauri. In ya kai inci 3 zuwa sama kuma da tsakuwa a ciki, zai ɗagu. In daɓen siminti ne na inci ɗaya da aka shafa kan ƙasa, manta kawai, kana sa jak zai ruguje. In ya tsage gida biyu ko uku manya ana iya ɗaga kowanne daban, in ya farfashe ƙanana ko kana gogawa da ƙusa yashi na zuba, toh a nan birkilanka ya fi ka gaskiya.

Akwai waɗanda ko da wasa kar ka gwada. Murfin sokawe ko na salga in ya lotsa, yawanci bangon ramin ne ke zabtarewa ta ciki, mutum na iya ruftawa, ga iskar ciki mai kisa ce, a killace wajen a hana yara zuwa a kira masu aikin. Haka silab ɗin da bango ko fila ke zaune a kai, ko wanda rodinshi ya shiga jikin gini. In kuma daɓen cikin ɗaki ne ya sauka har bango ya dare ko ƙofa ta daina rufuwa, wannan maganar fandisho ce, garin da ke da jami'ar ABU da kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli ai ba'a rasa injiniyan da zai zo ya duba maka ba.

Lokacin aikin kuma bayan ruwa ya ɗauke ne, Nuwamba ko Disamba, ƙasa ta tsane jak zai samu wajen tsayawa.

Nauyi da kayan aiki

Kankare mita ɗaya tsawo da faɗi da kauri yana kai kilo 2,400. A lissafin magina, ƙafa ɗaya da ƙafa ɗaya a kaurin inci 4 kilo 22 ne da ɗan wani abu, kenan wancan silab ɗin namu mai 5 da 4 wajen kilo 450 ne, nauyin buhun siminti 9. Na faɗi wannan ne dan kar wasu samari huɗu su ce maka za su ɗaga da hannu.

Zaka nemi jak na mota guda biyu, irin mai kwalba na tan 2 ya isa, ka ara wajen makanike ko mai faci. Sai gutsattsarin katako mai kauri da yawa, da 'yan weji na katako da kafinta zai fere maka, angil ayon (dogon ƙarfe mai kusurwa) ko katako mai ƙarfi wanda ya kusa tsawon bakin silab ɗin, diga, shebur, guduma da cizil, garanda in za'a yanka, injin huda kankare, tiyo mai garai-garai ko lebul, zare, alli, guntun fayif na roba da mazurari (ka yanke kan jarka ya zama mazurari), safar hannu. Siminti, yashi mai laushi, jar ƙasa kaɗan, tsakuwa kwano biyu uku. Mutum uku sun isa, biyu a kan jak ɗaya yana kallon awo.

Awo kafin tono

Ɗauki guduma ka bi saman silab ɗin kana ƙwanƙwasawa. Inda ke zaune a ƙasa zaka ji ƙwas ƙwas, inda kogo yake zaka ji dum dum, ka zagaye wajen da alli, nan ne za'a huda daga baya. Sannan ka fitar da inda kake so ya dawo. Ka kafa turaku biyu a waje da silab ɗin inda tono ba zai taɓa su ba, ka ja zare, ka daidaita da ruwan tiyo. Kar ka mayar da shi lebul ɗaya cif, dole ya ɗan gangara ya bar bango, kwatan inci a kowace ƙafa, wato in faɗinshi ƙafa 4 ne bakin waje ya fi na jikin bango sauka da inci ɗaya. Ka rubuta a kowace kusurwa da alli inci nawa za ta hau.

Sai ka 'yantar da shi. In ya manne da bango ko da silab na kusa, a bi layin da garanda a yanka har ƙasa, ko a sassaƙe da cizil, a share yashi da tsakuwar da suka cusa tsakani. Mutane na raina wannan matakin, alhali tsakuwa ɗaya da ta maƙale a tsakani ta isa ta ɓalle maka kusurwa. Kafin garanda ta taɓa ko'ina ka tabbata ba waya ko fayif a ƙasa, ka tambayi wanda ya yi wayarin gidan in yana nan.

Tono da ɗagawa

A gefen da ya sauka ka tona rami biyu, kowanne kamar ƙafa ɗaya daga kusurwa, faɗin ƙafa ɗaya, zurfin da jak zai shiga da katako a ƙasanshi da ƙarfe a samanshi, yawanci ƙafa ɗaya ƙasa da cikin silab ɗin ya isa, kuma ramin ya shiga ƙarƙashin silab ɗin kamar inci 6. Ka yi tonon da diga da sanda, kar ka zura hannu, dan irin wannan kogon mai sanyi kunama da maciji na son shi. Tsakanin ramukan biyu ka ɗan sassaƙe ƙasa yadda angil ayon zai kwanta a ƙarƙashin baki gaba ɗaya.

Dalilin ƙarfen nan shine kankare yana da ƙarfin ɗaukar danni amma bai da juriyar lanƙwasa, musamman wanda ba rodi. Kan jak ɗan ƙarami ne, in ya tokari waje ɗaya sai silab ɗin ya dare daga nan, ƙarfen ne ke raba nauyin. A ƙasan ramin kuma ka daɓe ka shimfiɗa katako mai faɗi, in ba haka ba jak ɗin ne zai nutse silab yana nan inda yake. Bulo mai rami ba abin dogaro bane a nan, yana fashewa ba sallama.

Yanzu a fara bugawa, kuma a nan ne haƙuri ke aiki. Mutum biyu su buga tare, kwatan inci, a tsaya. A tura weji da katako a ƙarƙashi kusa da kowane jak da sanda, a duba zare, a duba saman ko wata tsaga ta fito, a sake kwatan inci. Farkon tashin shine mai wuya dan ƙasa na riƙe shi, zaka ji ya yi ɗan nishi sannan ya saki. In kaji ƙas, ko kaga tsohuwar tsaga na buɗe baki, a dakata nan take, akwai inda ya maƙale ko tsakiya na buƙatar tallafi, a nemo wajen kafin a ci gaba. Ɗaya jak ɗin kar ya riga ɗaya, murɗewa tafi komai saurin fasa silab. Kuma duk tsawon aikin nan ba hannu ba ƙafa a ƙarƙashi, jak na iya sauka da kanshi in mai ya zube, katakon ne amanarka. Yara kam a kora su cikin gida tun kafin a fara.

In ya iso zare ka ƙara mishi ɗan kaɗan, kaurin kwali biyu haka, dan ciko na ɗan tsukewa in ya bushe. Sai a ƙara matse weji ko'ina a barshi zaune kan katako da jak tare.

In gefen da ya sauka shine na jikin bango, wanda kuma shi ya fi yawa, ba wajen tona rami ta nan. Sai ka tona ta gefe da gefe kusa da bangon in akwai fili. In babu, ana ɗagawa ta sama: a huda silab ɗin waje biyu ko uku kusa da gefen da ya sauka, ƙafa ɗaya daga baki, a ɗaure anka bol masu ƙarfi (bol ɗin da ke kama cikin kankare), a gitta ƙarfe mai kauri a sama wanda ya wuce silab ɗin ta kowane gefe, a ɗaure shi da bol ɗin, jak biyu su tokari bakunan ƙarfen suna zaune a kan ƙasa mai ƙarfi ko silab na kusa da katako a ƙasansu. Mai walda zai haɗa maka wannan cikin sauƙi in ka zana mishi. Sai dai wannan hanyar sai kankare mai kyau na inci 4, mai rauni bol ɗin zai tsinko ne kawai ya bar maka rami.

Ciko, wanda shine ainihin aikin

Ɗagawa awa ɗaya ce, a ciko ake gane aikin kirki. Na sha ganin an ɗaga silab tsaf an cusa duwatsu a baki an shafe da siminti an tafi, tsakiya na rataye a iska, ranar da aka hau da mashin ɗauke da buhun masara sai ya karye biyu, gara ma da ba'a taɓa shi ba.

Ka huda ramuka a saman, mafi faɗin da injinka zai iya, inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi, tazarar ƙafa biyu tsakani, kar ka matsa baki ƙasa da ƙafa ɗaya, ka fi ba wajen da ka zagaye da alli muhimmanci. Wasu na hudawa tun kafin ɗagawa lokacin yana zaune a ƙasa, kuma ni ma na fi son haka dan girgizar injin ba ta da daɗi a kan silab ɗin da ke rataye. In akwai tayil a kai, a cire ɗaya ɗaya inda za'a huda a mayar daga baya.

Yawan kwaɓin da zaka buƙata: silab ɗinmu mai 5 da 4 in ya hau inci 2 ta gefe ɗaya, sararin da ya buɗe wajen lita 47 ne, kusan jarka biyu ta lita 25. Ka ninka biyu saboda tsohon kogon da ruwa ya yashe. Haɗin kuma kwanon siminti ɗaya, yashi mai laushi da aka tankaɗe kwano huɗu, jar ƙasa tankaɗaɗɗiya kwano ɗaya. Jar ƙasar ce ke riƙe haɗin ya yi santsi ya gudana, in babu ita yashi zai kwanta a bakin rami ruwan siminti ya wuce shi kaɗai. Kaurin ya zama irin na kunun tsamiya mai kauri, yana zuba amma ba tsararo ba. Ruwa in ya yi yawa, bayan ya tsane sai ka tarar da sarari tsakanin ciko da silab, aikin banza kenan. Ka riƙa kwaɓa kaɗan kaɗan wanda za'a zuba cikin rabin awa, kuma ka sa safar hannu, siminti na cin fata.

Kafin zubawa ka toshe bakunan da ke buɗe da katako ka tokare da ƙasa, ka bar wajen jak kawai a kewaye da guntun katako ko kwali dan kar siminti ya kama shi. Ka yayyafa ruwa kaɗan ta ramukan, ƙasa ta yi danshi kar ta tsotse ruwan kwaɓin, amma ba ambaliya ba. Sai ka soka fayif a ramin da ya fi kusa da gefen da bai motsa ba, inda sararin ya fi matsewa, ka ɗora mazurari ka zuba. Fayif ɗin in ya kai ƙafa uku a tsaye nauyin kwaɓin da kanshi na taimakawa wajen turawa. Ka samu sanda ka naɗe bakinta da robar tayar mashin daidai cikin fayif ɗin kana dannawa, wani kuma yana bubbuga saman silab da guduma ta kan katako dan iska ta fita. Kar ka bar rami sai kaga kwaɓi ya leƙo ta na gaba, sannan ka toshe wannan da tsumma ko guntun icce ka koma can. Haka har ka iso baki. In rami ɗaya na ta sha baya cika, ba mamaki hanyar gafiya ce ko gidan gara, ka ƙara yashi kwaɓin ya yi kauri ka ci gaba, wannan ramin dama shi ka zo nema.

Bayan awa ɗaya ka sake zagayawa, zaka ga wasu ramukan sun sauka, ka ƙara musu. Ka sake ƙwanƙwasawa da guduma, duk inda har yanzu yake dum dum a ƙara huda a zuba.

A Amurka da Turai kamfanoni ke wannan aikin da famfo mai ƙarfi, kwaɓin da kanshi ke ɗaga silab ɗin ba jak, wasu kuma kumfar roba suke ɗurawa ta 'yan ƙananan ramuka ta kumbura ta daskare cikin mintuna. Wannan kumfar ba irin ta gwangwani bace da ake toshe gefen taga da ita, kar ka ɓata kuɗinka a kanta. Mu namu mazurari baya ɗagawa, cikewa kawai yake, shi yasa sai da jak.

Kammalawa da jira

Bar jak da katako a wajen kwana biyu zuwa uku. Sannan a sassauta jak a hankali ana kallon zare, in bai motsa ba a zare shi da ƙarfen, a ciro duk katakon da ke ƙarƙashi, ko guntu kar a bari dan abincin gara ne. Ramukan jak da inda ƙarfe ya kwanta a cike su da kankare mai ƙarfi, siminti ɗaya yashi biyu tsakuwa huɗu, ba ruwa sosai, a danna shi da sanda har ya matse da cikin silab. Sauran ramin a mayar da burji inci huɗu huɗu ana yayyafa ruwa ana daɓewa da taɓarya ko guntun icce mai nauyi, ba a juye gaba ɗaya a tattake da ƙafa ba. Ramukan sama a shafe da siminti ɗaya yashi uku.

Iskar hunturun Zariya na busar da siminti kafin ya yi ƙarfi, dan haka ka rufe wajen da tsofaffin buhuna ka riƙa jiƙawa safe da yamma har sati ɗaya. Tafiya da ƙafa bayan kwana uku ba matsala, mashin bayan sati, mota kuma ka bari ya kusa kwana 28, lokacin ne siminti ke kai ƙarfin da ake lissafa mishi.

Layin da ka yanka tsakanin silab da bango kar ka cike shi da siminti, zai sake tsagewa ruwa ya samu hanya. Ka cusa guntun soso ko igiya a ciki ka zuba narkakkiyar kwalta a kai, ita tana bin motsi. Sai ka sa gata (abin tare ruwan rufi) a bakin kwano da fayif da zai kai ruwan kwata, in kuɗin bai kai ba ko tsakuwa ka zuba a layin da ruwan ke faɗowa, ka ɗan tada ƙasa a gefen silab ɗin ta gangara waje. Ka zuba bokiti biyu na ruwa daga jikin bango ka ga inda ya nufa, in ya tsaya ko ya juyo, ka gyara gangaren ƙasar tun yanzu kafin ruwan Mayu.